Nazarin lamari: falon da aka yi wa fenti sau uku a Rigachikun

Gidan da masu gidan

Gida ne marar bene, ɗaki uku da falo, a wata sabuwar unguwa da ke bayan Rigachikun, in an sauka daga titin Zariya aka bi hanyar da ba a kai ga zuba mata kwalta ba. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne. Uwargidan tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida, kuma a falo take baje wa masu saye kaya. 'Ya'yansu huɗu, autan bai shiga makaranta ba. Sun daɗe suna haya a Tudun Wada suna ginin da kaɗan-kaɗan, sai a farkon Maris na 2024 birkila ya gama filasta.

Tsawon falon mita 6 ne, faɗinsa mita 4 da rabi, daga tayil zuwa silin kuma mita 3. In aka cire ƙofofi da tagogi, bangon da za a shafa ya kai kusan murabba'in mita 52. Babbar taga tana kallon yamma, ƙaramar tana kallon kudu. Tayil ɗin ƙasa ruwan toka ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, silin fari, kujeru ruwan hanta, labule ruwan zuma. Ƙwayayen fitila shida da aka sa a silin duk farare ne tas, irin waɗanda aka rubuta 6500K a kwalinsu, don su aka fi samu a kasuwa.

Uwargida ta gaji da fari da ruwan bula na gidajen haya. Tana son launi mai ɗumi, wato cikin dangin da suka karkata wajen rawaya da ja da ruwan ƙasa: ruwan madara, ruwan zuma, ruwan goro, ruwan yashi, jar ƙasa, har zuwa ruwan makuba. Maigida bai da zaɓi, sharaɗinsa ɗaya ne, a tare kafin Sallah domin kuɗin haya ya ƙare.

Maris 2024: zaɓin farko

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Duk abin da aka yi a wannan zagaye cikin waɗannan kwanaki aka yi shi.

Uwargida ta ga hoton wani falo a Instagram, ta nuna wa mai fenti a waya. Shi kuma ya kawo katin launuka, ta ɗora yatsa a kan wani ruwan goro mai haske sosai, wanda ya ɗan yi ruwan hoda. Girman launin a katin bai wuce akwatin ashana ba, kuma a tsakar gida ta duba shi, da hantsi. Mai fentin ya sayo farin fentin ruwa bokiti biyu masu lita 20, ya sayo sinadarin launi daban, ya haɗa da hannunsa yana gwadawa da katin. Filastar ba ta cika mako biyu ba aka yi mata sikiridin, wato shafen da ke sa filasta ta yi santsi, kashegari aka fara shafi. Ba a sa firaima ba, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti. Ya kuma tsinka fentin da ruwa sosai domin ya ishi falo da ɗakuna.

Ranar da aka tare kowa ya yaba, domin da safe aka shigo da kaya. Da la'asar ta yi, rana ta faɗo ta tagar yamma, falon ya rikiɗe ya zama ruwan goro sosai, har fuskokin mutane suna ɗaukar launin. Bayan isha, a ƙarƙashin fararen ƙwayaye, sai ya koma wani ruwan hoda mai dauɗa-dauɗa. Ga kuma bangon kudu da na gabas ba su zo ɗaya ba: bokitin farko ya ƙare a tsakiyar aiki, haɗin na biyu ya fi shi ja, kuma a kusurwar da suka haɗu bambancin a fili yake.

Da aka kira mai fentin ya ce, "Hajiya, ai shi kika nuna." Aka ɗora katin a bangon gabas, aka ga kusan gaskiyarsa ne.

Yuli zuwa Oktoba 2024: damina, da shafi na biyu

Ruwan Kaduna yakan kankama daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Gidan ba shi da indararo, ba a kuma yi dandamalin siminti a gindin bango ta waje ba. Duk ruwan da ya sauko daga kwano a gindin bangon yamma yake zuba, ya kwanta, ya fantsama jar ƙasa a jikin gini. A ƙarshen Yuli fentin cikin falo ya fara kumbura daga ƙasa zuwa kamar rabin mita. Wani farin gari mai kama da gishiri ya riƙa fitowa, a share yau gobe ya dawo. Gishirin da ke cikin bulo da siminti ne danshi yake narkarwa ya turo waje, in ruwan ya bushe ya bar shi a fuskar bango, yana ture fenti.

Wani abokin aikin maigida ya ba da shawara a rufe ƙasan bangon da fentin mai, mai sheƙi, wai shi ruwa ba ya ratsa shi. Tunda dama launin farko bai kwanta wa kowa ba, aka ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A ƙarshen Satumba aka kankare inda ya tashi sama-sama, aka shafa fentin mai ruwan ƙasa daga tayil zuwa tsayin mita ɗaya, sama kuma aka yi ruwan zuma mai ƙarfi, wanda aka zaɓa don ya dace da labule.

Fentin man bai yi wata guda ba ya fara ɓamɓarewa falle-falle. Ya hana danshin fita ne kawai, danshin kuwa ta baya yake zuwa. Banda haka, siminti mai danshi yana da kaifi irin na kanwa, wanda yake cin fentin mai ya sa shi laushi da danƙo.

Ruwan zuman ma ya zo da nasa. Falon ya yi duhu, har da rana sai an kunna fitila in an sauke labule. Da dare kuma, tsakanin fararen ƙwayaye da tayil mai shuɗi-shuɗi, launin ya riƙa ɗaukar kore-kore. Aka ce laifin ƙwayayen ne, aka sauya su da masu jan haske, 2700K. Koren ya tafi, amma komai na falon ya zama rawaya: bango, silin, farar rigar maigida. Nan abin ya taɓa sana'a. Wata mata ta zaɓi leshi da dare a matsayin ruwan madara, da gari ya waye ta ga fari ne sol, ta aiko da shi aka mayar mata da kuɗinta. Daga nan uwargida ta koma baje kaya a baranda.

Mahaifiyar maigida, da ta zo daga Zariya ta kwana biyu, ta ce irin waɗannan launuka su suke ƙara wa ɗaki zafi, a koma wa farar ƙasa a huta. Ba a bi shawararta ba, amma ba a yi mata musu ba.

Nuwamba da Disamba 2024: an bar launi, an koma kan bango

Wani maƙwabci ya haɗa su da wani dattijon mai fenti daga Kawo. Da ya zo bai nemi kati ba. Ya yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ya manna a ƙasan bangon yamma da salatif, ya rufe gefunan ruf, ya manna wata a bangon gabas, ya ce a bar su zuwa gobe war haka. Da aka ɓare, ta yamma ta yi gumi ta ciki, filastar da ke bayanta ta yi duhu. Ta gabas a bushe take.

"Alhaji, ko fentin Makka ka sa a nan, tashi zai yi," in ji shi. "A gyara ruwa tukuna."

Aka sa indararo a kwanon, aka ja bututu ya kai ruwan kwata. Aka zuba dandamali mai faɗin santimita 60 kewaye da gidan, an ɗan karkatar da shi waje. A ciki aka kankare fentin man gaba ɗaya har filasta, aka goge farin gishirin da busasshen buroshi. Dattijon ya hana a wanke shi da ruwa, domin ruwa mayar da shi ciki yake yi ya sake fitowa. Sai aka bar bangon tsirara, tagogi a buɗe, hunturu ya yi aikinsa. A ƙarshen Disamba aka maimaita gwajin leda, ba gumi.

Janairu 2025: gwajin launuka biyar

Dattijon ya sa kafinta ya yanko fulawud guda biyar, kowanne santimita 60 a 60. Ya shafa musu firaima, sannan kowanne ya sha shafi biyu na launi ɗaya. Ya ƙi gwadawa a jikin bango kai tsaye saboda tsohon ruwan zuman da ya rage a sama zai rinjayi ido, kuma katako ana iya ɗaukarsa a kai shi kowace kusurwa. Launukan su ne ruwan madara mai karkata ga rawaya, ruwan madara mai karkata ga ruwan hoda, ruwan yashi mai ɗan toka a ciki, ruwan zuma mai haske, da jar ƙasa.

An jingina su a bango, gindinsu a kan tayil, kusa da kujera da labule. Ana duba su da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da bayan isha, mako guda cur, ana sauya musu bango. Uwargida ba ta sha wahalar gane hikimar ba. Abin da take gaya wa masu sayen atamfa ke nan kullum, a fita da turmi bakin ƙofa a gan shi a hasken rana kafin a biya.

Ruwan madara mai rawaya shi ya fi kyau da hantsi, falon ya yi fes. Amma tayil ɗin ya tona shi. Launi mai shuɗi-shuɗi in ya zauna kusa da mai rawaya, kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa, sai madarar ta zama ruwan ƙwai. Da dare in an gwada shi a hasken farin ƙwan fitila yakan ɗauki ɗan kore, irin abin da ruwan zuma ya yi a baya, sai dai bai kai shi ba.

Ruwan madara mai hoda ya zauna lafiya da kujeru ruwan hanta, har uwargida ta fara karkata gare shi. La'asar ce ta kayar da shi. Hasken rana in ta yi ƙasa ja ne da kansa, a hunturu ma ya fi ja saboda ƙurar da ke sama, to in ya sauka a kan launin da dama yake da ja a ciki sai abin ya ninku. Ƙanen launin farko ne, ciwonsu ɗaya.

Ruwan zuma mai haske ya yi kyau a bango ɗaya. Da aka kai katakon kusurwa, aka jingina shi daf da labule, sai aka ga yadda launi yake ƙaruwa in yana haska kansa da kansa. Bango huɗu masu launi ɗaya haka suke yi: haske ya bugi wannan ya koma kan wancan, kowane bugu yana ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa abin da ya yi sanyi a kati yake yin kauri a ɗaki.

Jar ƙasa kowa ya so ta, kowa kuma ya san ba za ta yiwu a bango huɗu ba. Kamfanonin fenti suna ba kowane launi lamba daga 0 zuwa 100 da ke nuna yawan hasken da yake mayarwa. Farin fenti yakan haura 80, ruwan madara yana wajen 70 zuwa 80, ruwan yashi wajen 55 zuwa 65, jar ƙasa kuwa da wuya ta wuce 25. Wato kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kanta shanye shi take yi. Gidan da yake lallaɓa batirin sola da dare ba zai so bangon da ke cin haske haka ba.

Ruwan yashi shi ne wanda ba wanda ya kula da shi a kati. Maigida ma cewa ya yi, "Baba, wannan ai kamar ba a yi fenti ba." Amma shi kaɗai ne bai sauya fuska ba daga safe zuwa dare. Da la'asar ya yi ɗumi bai zama ruwan goro ba. A hasken farin ƙwan fitila ya ɗan yi sanyi bai yi kore ba. 'Yar tokar da ke cikinsa ta sa ya yi zumunci da tayil, ruwan ƙasan da ke cikinsa kuma ya karɓi kujeru.

A nan wata magana ta taso daga babbar 'yarsu, wadda ta ga bidiyoyi a YouTube ana cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa mai sanyi ne, mai kallon kudu kuma rana ba ta rabuwa da shi. Wannan gaskiya ne a Ingila da arewacin Amurka, inda rana take bi ta kudu duk shekara. Kaduna kuwa tana wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta ta arewa take bi, sauran watanni ta kudu. Ma'ana ƙaramar tagar kudu da take zubo rana a Janairu ba za ta samu ko ɗigo ba a Yuni. Don haka aka ƙara kwana biyu ana duba katakan da labulen wannan taga a sauke, a ga yadda za su yi a watannin da ba a gani ba. Gabas da yamma su ne ba sa sauyawa, kuma a nan su ne abin lura.

Gwaji na ƙarshe na ƙura ne. Aka fitar da katakan baranda aka bar su mako guda ba a taɓa ba. Ƙura iri biyu ce a unguwar: ta hunturu mai fari-fari, da ta hanya, ja, wadda babura da motocin yashi suke tayarwa. Jar ƙura ta fito ɓaro-ɓaro a kan madara biyun. Farar ta yi wa jar ƙasa furfura. A kan ruwan yashi sai an shafa yatsa ake sanin akwai ƙura.

Fabrairu 2025: shafi na uku

An yi aikin a makonni biyun tsakiyar wata, aka gama kafin azumin da aka ɗauka ranar 1 ga Maris. Wannan karon ba a haɗa launi da hannu ba. Manyan kamfanoni irin su CAP mai yin Dulux da Berger suna da shagunan da inji yake haɗa launi da lamba, a irinsu aka haɗo, aka rubuta lambar a murfin bokiti da kuma cikin littafin uwargida na bashi.

An fara da firaima mai jure kaifin siminti, shafi ɗaya. Fentin ruwa mai kyau yakan rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a kowace lita a bango mai santsi, don haka shafi biyu na falon bai wuce lita 11 ba. Ruwan da aka ƙara bai wuce abin da aka rubuta a jikin bokiti ba. Bango uku suka sha ruwan yashi. Bangon yamma, wanda tagar take jikinsa, shi aka ba jar ƙasa. Dabarar dattijon ce: ranar la'asar ba ta dukan wannan bango ta ciki, tunda ta bayansa take shigowa, saboda haka launin ba zai yi wuta da la'asar ba, kuma taga da labule sun cinye rabinsa. Silin aka bar shi fari. Falo da hanyar ɗakuna an yi musu fenti mai ɗan santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda auta.

Da sassafe ake fara shafi, tagogi a rufe, domin iskar hunturu tana busar da fenti kafin rola ta dawo, ta bar layi, ga ƙura tana mannewa. Ƙwayayen silin aka mayar da su 4000K, tsaka-tsaki, aka bar masu jan haske guda biyu a jikin bango don zaman dare. Ta waje aka yi ruwan yashi mai haske, aka zagaye gindin gidan da ruwan makuba zuwa tsayin santimita 90, daidai inda ruwa yake fantsama jar ƙasa.

Oktoba 2025: bayan damina guda

Bangon yamma bai kumbura ba, gishirin bai dawo ba. Uwargida ta dawo da kayanta falo. Zanen fensir da sawun hannun auta suna fita da tsumma, ban da biro. Ruwan makuban waje ya ɓoye fantsamar ƙasa yadda aka so.

Abu biyu ba su yi ba. Ginshiƙan get, waɗanda maigida ya sa aka shafa musu wani ruwan goro mai ƙyalli da ya saya daban, sun koɗe ta fuskar da rana ke duka. Launukan ƙasa irin su jar ƙasa da ruwan makuba galibi daga tsatsar ƙarfe ake yin sinadarinsu, rana da siminti ba sa cin su da sauri. Masu ƙyallin nan na rawaya da ruwan goro da yawansu ba su da wannan juriya. Sannan wata kusurwa a hanyar ɗakuna, bayan banɗaki, ta sake tashi. Da aka fasa aka tarar bututu ne yake yoyo a cikin bango.

Hukunci

Matsala biyu ce aka ɗauka ɗaya, ta ruwa da ta launi, kuma shafi na biyu ya lalace ne don an nemi a magance ta farko da maganin ta biyu. Kuɗin wannan shafin asara ce tsantsa. Na farko ma da an jira filasta ta yi mako huɗun da aka saba ba ta, aka sa firaima, da ya fi haka daɗewa, amma ba indararo ba dandamali, da wuya ya ƙetare Agusta.

Ta fuskar launi, mai fentin farko bai yi ƙarya ba, abin da aka nuna masa ya shafa. Laifinsa haɗin hannu da yawan ruwa. Kuskuren zaɓi kuwa a wurin dubawa yake: ɗan kati, a tsakar gida, a lokaci ɗaya na yini. Tsakanin launukan nan biyar, abin da ya raba su shi ne ɗan launin da ke ɓoye a ƙarƙashin kowanne, rawaya ko hoda ko toka, da yadda ya yi da tagar yamma, da tayil, da ƙwan fitila. Ruwan yashi ya ci ne a wannan falo saboda tayil ɗinsa ruwan toka ne. Da tayil ɗin ruwan ƙasa ne kuma babbar tagar gabas take kallo, a ganina ruwan madara mai rawaya ne zai ci. Shaidar cewa wuri ne yake sauya launi tana cikin gidan: kicin, mai tagar gabas da farin tayil, har yanzu launin farko ne a jikinsa, ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Maganar mahaifiyar maigida ta zafi tana da rabin gaskiya. Launin cikin ɗaki ba ya ƙara wa ɗaki wani zafi na a zo a gani. Na waje shi ne yake yi, domin bango mai duhu yana shan rana ya riƙe ta har dare, kuma dalilin da ya sa aka tsayar da ruwan makuba a gindin gida ke nan ba a hau da shi sama ba. Abin da zan ƙara a kan aikin dattijon ɗaya ne: bangon jar ƙasan yana nuna ƙurar hunturu fiye da sauran, sai an riƙa bin sa da tsumma duk mako daga Disamba zuwa Fabrairu. Gwajin baranda ya nuna haka tun farko, uwargida ta gani ta ce ta yarda.